Littafin da Malam Bai Ƙarasa Ba

Malam ya rasu ya bar matarsa tana fushi da shi. Masu ta'aziyya sun cika falo, kowa na cewa mutumin kirki ne, bai taɓa ɓata wa kowa rai ba, ita kuwa tana zaune a kusurwa tana amsa gaisuwa da ka, ranta na tafasa. Ba mutuwar ce ta ba ta haushi ba, wannan hanyar kowa ce. Labari ya soma karanta mata, ya kai shi daidai wurin daɗi a kan gadon asibiti, ya rufe littafin, ya ƙi ƙarasawa, sannan ya tafi abinsa.

Wanda bai san Malam ba zai ce wannan ai bai kai abin fushi ba. To, sai an san halinsa. Koyarwa ya yi a makarantar firamare har furfura ta fara leƙo masa, sannan aka ba shi riƙon laburaren unguwa, wani dogon ɗaki a saman ofishin gidan waya, mai warin tsohuwar takarda da fanka ɗaya da ba ta juyawa sai da kuka. Duk ranar Asabar da hantsi yakan tara duk wanda ya samu, yara, masu gadi, matan da suka gaji da layin gidan waya, ya buɗe littafi ya kama karanta musu. Murya gare shi, Allah ya ba shi. In ya yi maganar tsoho sai ka waiwaya neman tsohon. Sai ya bari kowa ya saki baki, ɓarawo ya zura ƙafa ɗaya ta taga, ko jirgi ya fara shan ruwa, nan ne zai sa yatsa a shafin, ya rufe littafin a hankali, ya ce, “Sauran na ciki.” Ya ajiye shi kan tebur kusa da hatimi, ya kama goge tabarau. A yi magiya, a yi roƙo, yara su yi birgima, ko gezau. Mai son jin ƙarshe ya ɗauka ya je ya sha wahalarsa. Da wannan muguntar ya koya wa rabin unguwa karatu, har sunansa ya ɓata, kowa sai dai ya ce Malam Sauran-na-ciki.

Mutum ɗaya ce ta gagare shi a duniya, kuma a gidansa take. Matarsa tela ce, ba ta taɓa shiga aji ba, don ita ce babba a gidansu kuma mahaifiyarsu ba ta da lafiya, ita ta raini ƙannenta. Amma kai gare ta. Ba ta rubuta awo, in ta auna ka sau ɗaya ko bayan shekara ka dawo za ta gaya maka inda ka ƙara ƙiba. A farkon aurensu ya shigo mata da allon yara da alli, yana murmushi. Ta dube shi ta dubi allon ta ce, “Ni ba 'yar ajinka ba ce.” Kunya ce, ba komai ba, a ce matar malami tana ba-ba-ba kamar yarinya, amma da ta amsa kunya ce gara ta haɗiye allura. Sai ya gwada mata dabararsa. Ya karanta mata wani labari, ya kai wurin daɗi, ya rufe. Ta ci gaba da ɗinkinta. Da ya shiga wanka ta ɗauke tabaransa ta jefa cikin gwangwanin maɓallai. Malam kuwa in babu tabarau ko ƙofar ɗaki sai ya laluba. Ya yi yini guda yana karo da kujeru, kafin la'asar ya sauko, ya ƙarasa mata labarin har da bayani.

Tun daga ranar aka yi sulhu. Da yamma in ya dawo, sai ta sauka daga kan keken ɗinki ta ɗauki aikin hannu, kalmasa ko ɗinkin maɓalli, don kada ƙarar keke ta cinye muryarsa. Shi ya zauna a kujerarsa ta gefen taga ya karanta, ita tana saka baki, tana zagin azzalumai, tana ba matan cikin littafi shawarar da ba su tambaye ta ba. Ita kaɗai yake ƙarasa wa littafi. “Ɗalibata mai taurin kai,” yake ce mata. Haka suka yi har 'ya'ya suka girma suka watse.

Abu ɗaya ne ba su taɓa yin sulhu a kansa ba, shi ne ƙofa. Malam ba ya dawowa hannu sake. Kullum littattafai ne rungume har haɓa, makulli kuma yana can ƙasan aljihu, sai ya tsaya ya dinga bugun ƙofar da ƙafa. Har fentin ƙasan ƙofar ya goge, katako ya fito fili. Ita kuma kullum sai ta taso tana mita, zare a baki.

“Makullin naka na ado ne?”

“Hannuna na da baƙi,” yake cewa, ya wuce ta yana dariya.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi. Da aka ba shi gado, abu na farko da ya tambaya shi ne littafin da suke cikin karantawa, wani mai koren bango, babu hoto ko ɗaya, na laburare. Labarin wani kafinta ne da ya tafi aikin gina gada a kan wani babban kogi mai nisa, ya bar matarsa da ɗan shagonta. Sun riga sun wuce rabi a gida. Sai aka ci gaba a asibiti, shi a jingine da filo, robar ƙarin ruwa a hannu, ita a kujerar roba da kalmasarta. Har mai gadon kusa da su ya daina nishi don ya ji.

Wata la'asar, sun kai inda ruwa ya yi ambaliya ya kwashe gadar da ake ginawa, sai Malam ya dakata. Ya juya shafi gaba, ya dawo da shi baya, ya daɗe yana kallonsa. Can ya cire tabarau ya miƙa mata.

“Ajiye min a jakarki, suna danne min hanci.”

“Kana gani kuwa?”

“Ruwan nan da suke ɗura min ya wanke min ido tas.”

Ta yi tsaki ta jefa su a jaka, shi kuma ya ci gaba. Labarin ya koma kan matar kafinta. An ji labarin ambaliya amma ba a ji na mijinta ba. Wani ya ce masunta sun tsamo wani mutum da rai. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a kasuwar wani gari yana sayayya. Matar ta ƙi cin abinci, ta ƙi rufe shago, kullum sai ta goge kujerarsa. Kwana da kwanaki Malam yana karanta mata wannan jiran, muryarsa na ƙara siranta, yana hutawa tsakanin magana da magana. Har ranar da ya kai inda matar ke zaune ita kaɗai da yamma, sai aka buga ƙofa, bugu mai nauyi, daga can ƙasa. Matar ta miƙe, ta kama marikin ƙofar.

Malam ya sa yatsa, ya rufe littafin.

“Sauran na ciki,” ya ce.

Ta ɗauka wasa ne. Ta ce ya bari, ba ta son shashanci. Shi ne ya dawo, ko wani ne ya kawo mummunan labari? Ya girgiza kai. Ta ce to ya tuna tabaransa suna jakarta, kuma ya san halinta. Ya yi 'yar dariyar da ta ja masa tari, ya ce, “Riƙe su. Wannan kam ke za ki ƙarasa, ɗalibata.” Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce ko a gadon asibiti ba zai bar mugunta ba, ta ɗauki filas ta fita neman ruwan zafi, da ta dawo ma ta juya masa ƙeya. Washegari bai iya magana ba. Bai ƙara iyawa ba kuma har aka rufe masa fuska. Maganar kirki ta ƙarshe da ta shiga tsakaninsu ke nan, ita da mutumin da ta yi shekaru arba'in tana buɗe wa ƙofa.

Da baƙi suka watse, sai ya rage ita da Auta, ƙaramar 'yarsu, ma'aikaciyar jinya a wani gari. Auta ta ce gidan ya yi wa mutum ɗaya girma, ta haɗa kayanta su tafi, ga ɗaki ga jikoki. Uwar ta ce ba inda za ta sai ta ji wanda ya buga ƙofar nan. Da Auta ta fahimci zancen sai ta miƙa hannu ga koren littafin da ke kan keken ɗinki.

“Kawo, Mama. Yanzu na karanta miki, ai ba wani abu ba ne.”

Uwar ta rigaye ta ɗauka, ta danne shi a cinya.

“Ni ya ce.”

“To ai ba ki iya ba, Mama.”

“Shi ma abin da ya ɗauka ke nan. Je ki aikinki. Ranar da na gama zan kira ki, ki zo ki kwashe ni.”

Auta ta san uwar da ta haife ta, ba ta ja ba. Ta cika mata kicin da kayan shayi da shinkafa, ta roƙi maƙwabta su dinga leƙa ta, ta tafi tana share hawaye.

Abin da mutane ba su sani ba, duk tsawon shekarun nan matar Malam ba ta taɓa hawa benen laburaren ba. Takan kawo masa abinci ta tsaya a ƙasa ta aika a kira shi. Me za ta je yi a ɗakin da ko sunan mijinta a jikin ƙofa ba za ta gane ba? Ranar da ta hau, sai da ta huta a tsakiyar matakala, ba don gwiwa kaɗai ba. Tana shiga ta ga kujerarsa, da matashin da ita ta ɗinka masa da ragowar yadin labule, ya lotsa daidai zamansa. Ga kofin shayinsa cike da fensira. Ga fankar tana kukanta. Ta dafa kantar littattafai ta tsaya tana kallo.

Wadda aka ba riƙon wurin tsohuwar ɗalibarsa ce, yanzu babbar mace da 'ya'yanta, wadda tun tana 'yar firamare Malam ya laƙa mata Sarkin Tambaya, kuma sunan ya bi ta. Ta taso da sauri, ta rusuna ta gaishe ta, ta jawo mata kujera. Matar Malam ta ajiye koren littafin a kan tebur amma ba ta ɗauke hannunta daga kansa ba.

“Kin taɓa karanta wannan?”

“A'a, Mama. Wannan bai taɓa zuwa hannuna ba.”

“Madalla. Kada ki karanta. Ƙara min wa'adinsa za ki yi, sannan ki koya min yadda ake yi. Amma in kika kuskura kika leƙa gaba kika gaya min, ni da ke har abada.”

Sarkin Tambaya ta buɗe baki, tambayoyi sun taru mata kamar yadda suka saba, sai ta dubi fuskar tsohuwar ta haɗiye su. Ta buga hatimi, ta ce su fara gobe bayan azahar, lokacin ba kowa.

Kai, an sha fama. Mace ce da ta saba ita ke gyara wa mutane, ga ta yau ana ce mata a'a, sake. Alli ya ƙi zama a hannun da ke zura zare a allura ba tare da dubawa ba. Baƙaƙen nan kuma munafukai ne, wani ya juya ciki dama, wani ya juya hagu, a ce maka ba ɗaya ba ne. Sai ta raɗa musu sunayenta, wannan ƙugiya, wannan almakashi, wannan kunnen kofi. Da Sarkin Tambaya ta kawo mata littafin yara mai hoton kyanwa da ƙwallo, ta ture shi ta ce ita ba ta zo jin labarin kyanwa ba. Ta buɗe koren littafin daga shafin farko. A nan ne kan tela ya yi ranarsa, domin duk abin da Malam ya karanta mata yana nan a ajiye, kalma bayan kalma, kamar awon masu kawo ɗinki. Sai ta faɗi jimlar da ka, ta sa yatsa tana bin baƙaƙen, har ta gano ga inda kafinta yake, ga inda gada take, ga matar. Ranar da ta fara gane kalma da kanta tun kafin ta tuno ta, sai ta rufe bakinta da mayafi. Muryarsa ta ji ta taso daga takardar, har da inda yake jan numfashi.

Wannan ne ya riƙe ta. Da safe ta yi ɗinki, da rana ta hau bene, da yamma ta zauna a kujerarsa ta gefen taga tana bin layi da ɗan yatsa, leɓɓanta na motsi. Ba ta tsallake, ba ta leƙe. Ta sa allurar kama zani ta maƙale shafukan gaba don kada shaiɗan ya zuga ta.

A benen nan ne kuma ta san mijinta ta gefen da ba ta taɓa gani ba. Mutane na shigowa su gan ta su zauna, kowa da nasa. Wani direban babbar mota, ƙato, ya ce shi da gemunsa ya koyi karatu, saboda Malam ya bar shi da wani mutum rataye a bakin rijiya, ya yi mako ba ya barci. Wata mai sayar da magani ta ce lokacin da mahaifinta ya hana ta karatun labarai, Malam ya dinga naɗe mata su cikin bangon littafin lissafi. Shugaban gidan waya ya ce da rufin laburaren ya fara yoyo, Malam ya cire rigar ruwansa ya lulluɓe kantar littattafai, shi ya tafi gida a jiƙe. Wannan ta tuna da shi, don ita ta yi jinyar murar, kuma ce mata ya yi mantuwa ya yi da rigar a mota. Tana jin su tana gyaɗa kai, wani lokaci ta yi dariya, amma fushin nan yana nan daram. Duk wanda ya gama yabonsa sai ta ce, “Ku dai ba ku zauna da shi ba.”

Damina ta zo ta wuce. Auta na bugo waya tana tambaya ko an kusa, uwar na cewa an kusa. Yanzu ba sai ta tuno ba, tana iya cin shafi guda kafin shayinta ya huce. Ta wuce inda suka tsaya a gida, ta shiga abin da ya karanta mata a asibiti, warin maganin wanke ƙasa na dawo mata a hanci. Ruwa ya yi ambaliya, gada ta karye, duk daidai yadda ta sani. Ta juya shafi tana jiran masunta.

Babu masunta. Ta koma farkon layin ta sake bi, baƙaƙen suka ƙi ba ta abin da ke kanta. Ta ce ko shafi biyu ta haɗa, ta murza takardar da yatsu, ɗaya ce. Ta ce shi ke nan, tsufa ya zo, karatun ya zube. Ta rufe littafin, yinin ranar ko ɗinki ba ta iya ba, ta ɗinka hannun riga a baibai sai da ta farke.

Washegari ta hau bene tun kafin lokacinta. Ta ce wa Sarkin Tambaya, “Zo ki tsaya a kaina. Zan karanta, ke ki bi da ido. Wannan shafin kaɗai, kada ki wuce.” Ta sa yatsa ta fara, a hankali, tana tuntuɓe tana tashi. Abin da ta karanta shi ne, bayan ruwa ya janye, wani abokin aikin kafinta ya zo shagon matar da tsakar rana, ɗauke da jakar kayan aikin mijinta da takalmansa. Ya tsaya a bakin shagon ya kasa ɗaga ido. Ya ce sun same shi a ƙasan kogi, cikin ciyayi, kuma sun binne shi a can.

Ta ɗaga kai.

“Na karanta daidai?”

“Daidai, Mama. Ko ɗaya ba ki ɓata ba.”

“Babu masunta?”

“Babu.”

Ta daɗe tana kallon shafin. A gefensa na ƙasa takardar ta ɗan lanƙwashe, irin ta wanda aka juya gaba aka dawo da shi baya. Sai ta jawo jakarta, ta zura hannu can ƙasa, ƙarƙashin tef ɗin awo da ƙullin zare, ta fito da tabaran Malam. Tun ranar suke nan. Mutumin da ba ya ganin ƙofar ɗaki sai da su, ta zauna a gabansa kwana da kwanaki yana riƙe da littafi yana juya shafi, ita kuwa tana ta kalmasa tana saka baki.

“Ƙarya ya yi min,” ta ce. “Nan ya zo ya gani. Yana kwance a gadon nan, ya san abin da likita ya gaya masa, sai ya kasa karanta min mijin wata ya mutu. Ya cire tabarau ya dinga zubo min daga kansa.”

Sarkin Tambaya ta durƙusa a gefen kujerar ta riƙe mata hannu. Duk da haka halinta bai bar ta ba, ta tambaya a hankali, “To wa ya buga ƙofar, Mama?”

“Ina zan sani? Bari dai in duba, ko yana gaba.”

Ta san ba ya gaba, amma ta cire allurar nan ta bi sauran shafukan har ƙarshe, don kada a ce ta bar aiki a rabi. Matar kafinta ta yi kukanta, ta sayar da shago, ta koma wurin ɗan'uwanta, ta tsufa tana renon 'ya'yan wasu. Littafi ne mai kyau, ba laifi. Amma babu wanda ya buga wata ƙofa a cikinsa, daga farko har inda aka rubuta ƙarshe. Ranar da ta kai nan tana zaune a kujerarsa, rana na shirin faɗuwa, sai ta nemi fushin nan da ta yi watanni tana dogara da shi ta rasa. Kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da shi, ranar ta yi shi, ta kifa fuska a kan koren bangon har ya jiƙe. Ta yi kukan filas ɗin da ta ɗauka ta fita, da ƙeyar da ta juya masa. Ta yi kukan labarin da babu shi a kowace kantar littattafai, mai shi ya tafi da sauransa.

Da safe ta kira Auta ta ce ta gama, ta zo ƙarshen mako.

Ta hau benen hawan ƙarshe ta ajiye littafin a kan tebur, wannan karon ta ɗauke hannunta. Ta nemi afuwar tabon ruwan da ke bangon. Sarkin Tambaya ta buga hatimi, ta juyo da katin ta nuna mata layin da ake sa hannu. Matar Malam ta karɓi biro ta rubuta sunanta, baƙi bayan baƙi, a ƙarƙashin nasa. Sannan Sarkin Tambaya ta buɗe ƙaramin kabad ɗin bayan kujera ta fito da wasu littattafai, ta ce waɗannan ba na laburare ba ne, na Malam ne na kansa, da ma tana jiran ranar da za su yi mata amfani. Ta ce bari ta nemo wanda zai kai mata gida. Tsohuwar ta ce a'a, a ɗora mata. Aka jera mata su a hannu har haɓa, jaka a rataye a kafaɗa, ta sauka a hankali tana laluben matakala da ƙafa.

Ta bi hanyar da ya yi shekaru yana bi, ta gaban gidan waya, ta gefen shagon mai gyaran takalmi, ta kwanar famfo. Littattafai akwai nauyi, ashe. Kafin ta kai gida hannayenta sun sage, gumi na shiga mata ido, ba halin sharewa. Ta tsaya a bakin ƙofa, makulli na can ƙasan jaka. Ba ta yi tunanin komai ba, ƙafarta ce kawai ta ɗaga ta bugi ƙofar, daidai inda fentin ya goge.

Bugun ya fito da nauyi, daga can ƙasa. Ta tsaya cak. Ta san wannan bugun, a gadon asibiti aka karanta mata shi, ita kuwa ta tsaya tambayar ko wane ne.

“Kai ne ashe,” ta ce. “Da baƙinka a hannu.”

Ta ɗan jira a wurin, littattafan na danne mata ƙirji, tana sauraron cikin gidan. Ba ƙarar keke, ba takun kowa, ba mai tasowa da mita. Can ta sunkuya ta sauke su a kan dakali ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe jaka ta fara neman makulli.